Filin bakin Rima naka ne, amma ruwan fa?

Wani Alhaji mai fataucin albasa a Sakkwato ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ɗana ya nuna min bidiyo a waya. Turawa ne tsaye cikin kogi a tsakanin duwatsu, suna wurga doguwar igiya, in sun kama kifi su mayar da shi ruwa. An ce biya suke yi kafin su shiga. Ni kuwa ina da filin gado a bakin Rima wajen Kwalkwalawa, da naira miliyan huɗu da na ware. Ina son in yi odar irin sandunan nan, in gina wurin zama, in riƙa karɓar kuɗin shiga. Zai yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara wa dukiya albarka. Kada ka yi odar sandunan tukuna. Tunanin naka yana da ma'ana, sai dai kuɗin da ka hango a bidiyon ba a jikin sanda yake ba.

Bari mu fara da abin da mutanen suke yi. Ba tana suke soke wa ƙugiya ba, ba ƙullin tuwo ba. Gashin tsuntsu ne da zare ake ɗaurewa a jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaron da ke faɗawa kan ruwa. Abin ba shi da nauyi ko kaɗan, don haka igiyar ce ake yi mai nauyi, ita ke ɗaukar ƙugiyar zuwa inda ake so. Shi ya sa ka ga suna kaɗa ta gaba da baya a iska, kuma sai mutum ya koya kafin ya iya. Kifin da suka fi nema shi ne tirawut, mai son ruwan dutse mai sanyi da gudu, wanda ake hango tsakuwar ƙasansa. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita. Kai ka san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka kuma san launin Rima da damina. Kifin da zai cafki ƙwaron ƙarya sai ya gan shi. Tarwadarmu kuwa a ƙasa take kiwo, da gashin baki da ƙanshi take laluben abinci.

To me ake biya a can? Hanyar isa ruwa, da mutumin da ya san ruwan. A jihar Montana ta Amurka, dokar 1985 ta ba kowa damar yin su a cikin kogi har zuwa iyakar da ruwa ya saba kaiwa in ya cika, amma ba ta ba shi izinin ratsa gonar wani don ya isa can ba. Saboda haka mai masauki a bakin ruwa, da mai jirgi, da jagoran da ya san inda kifi ke kwanciya, su ke cin kasuwar. A Ingila kuma, a koguna irin su Test, haƙƙin su ɗin kansa yana da mai shi, ana sayar wa mutum wuni guda a wani yanki na gaɓa. Ko ta wace hanya, dole ruwan ya kasance da kifi, kuma dole a san wanda ke da ikon cewa shiga ko kada ka shiga.

Ba a ƙasashen sanyi kaɗai ake wannan sana'a ba. A Kogin Faro da ke arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi na zuwa daga ƙasashen waje da rani, lokacin da ruwa ya ja ya yi garau, su kama giwan ruwa da tsage da irin wannan ƙugiyar. Kifayen da muka sani ne. Abin da ya sa ya yiwu shi ne an tsare yankin, ba a barin taru ya share shi. A nan gida, ruwan dutse irin wanda ka gani sai ka nufi Taraba, wajen Gashaka-Gumti da tsaunin Mambilla.

Yanzu mu dawo Kwalkwalawa. Filin naka ne, Alhaji, ba mai ja. Amma in ka kafa rumfa ka ce a biya, washegari da asuba masunci ya zo da kwale-kwale ya jefa birgi a gaban rumfar taka, da wane baki za ka hana shi? Kakanninsa a ruwan nan suka ci abinci. Su yana da sarauta a ƙasar nan, Sarkin Ruwa ne ke da ta cewa a kan inda za a shiga da lokacin da za a shiga. Dubi Argungu. Abin da ke sa a fito da giwan ruwa mai girman mutum a kogin Matan Fada shi ne an hana kamun kifi a wurin har sai ranar bikin kamun kifi. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan hanin ya tsayu. Abin da Bature ke sayarwa a bakin koginsa, Kabawa sun daɗe da saninsa. Idan masuntan yankinku ba su yarda sun bar maka ɗan yanki ya huta ba, kuma ba su ga rabonsu a ciki ba, babu abin da za ka sayar wa kowa.

Bayan Sarkin Ruwa akwai hukuma. Ka leƙa sashen kula da kamun kifi na jiha, ka kuma tuntuɓi Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, domin ita ke riƙe da madatsar Goronyo, kuma sakin ruwanta ke ɗaga gaɓarka ko ya sauke ta. Ba ka manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka zuba siminti a fadama. Rumfar zana da ginshiƙan itace, wadda za a kwashe in ruwa ya taso, ita ta dace da wurin.

Sai babbar tambaya: wa zai zo? Baƙon waje ba zai zo ba a halin tsaron da ake ciki, kada ka sa shi a lissafi. Mutanenka su ne ma'aikata da malaman jami'a da ɗalibai da magidanta masu neman inda za su sha iska da iyali ranar Asabar da yamma. Kuma a gaskiya Basakkwace ba zai biya kuɗi ya kama kifi ya sake shi ba. So yake a gasa masa shi nan take, da yaji da albasa, wadda kai ba saye za ka yi ba. Ribar tana wajen gashi da abin sha da hayar fatsa, kuɗin ƙofa ɗan ƙari ne.

Ga yadda nake so ka gwada. Cikin miliyan huɗun nan ka taɓa dubu ɗari huɗu kawai, sauran su koma albasa, domin lokacin da wurin zai fi daɗi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bai yi nisa da lokacin da jarinka ke da aiki ba. Ka yi rumfa, ka sayi tabarmi da fatsa ta gida kamar goma, da rigunan kariya daga nutsewa. Waɗannan rigunan kada ka yi musu rowa, kuma kada yaro ya kusanci ruwa ba babba a gefensa. Ka ɗauki masunci ɗaya daga mutanen Sarkin Ruwa ya zama jagora, a biya shi kaso daga kowane baƙo, a rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa. Ka buɗe Asabar da Lahadi na mako takwas, ɗan naka ya riƙe littafi: mutum nawa suka zo, nawa suka kashe, nawa suka kama kifi, nawa suka sake dawowa. Layin ƙarshen nan shi zan fara dubawa.

In littafin ya nuna mutane na dawowa amma kogin ba ya ba da kifi, akwai mafita. A haƙa tafki a tudun filin, a zuba tarwada, kowa ya kama da fatsa a auna masa a kilo. A lokacin ne za mu zauna mu yi lissafin abincin kifi, don shi ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo.

Wannan makon dai ka sayi goro ka je gaida Sarkin Ruwan yankin. Ka tambaye shi irin kifin da ake samu a gaban filinka, da watannin da ruwa ke yin garau, da abin da masunta za su nema kafin su bar wurin ya huta. Abin da ya faɗa maka ka rubuto min.