Wane suna ya dace da kifin betta a Hausa?

Wata malamar makaranta daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta ya dawo daga Yamai da wani ɗan kifi ja mai dogayen fikafikai a cikin kwalba, wanda mai sayarwa ya kira betta, kuma ya gargaɗe shi kada ya haɗa maza biyu wuri ɗaya. Tana son sanin sunansa da Hausa, sannan ko kakar yaron ta yi daidai da ta kira shi "kifin rijiya".

Malama, Hausa ba ta da tsohon suna ga wannan kifi, domin masuntan tafkin Madarunfa da na Gulbin Maradi ba su taɓa kama shi ba, kuma harshe ba ya raɗa wa abin da bai gani ba suna. Asalinsa ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta na kwarin kogin Mekong, inda yake zaune a gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai marasa zurfi, yana cin ƙwari da tsutsotsin sauro. Tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba. Mutanen Tailan suna ce masa "pla kat", wato kifi mai cizo, kuma a 2019 suka ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasarsu. Sunan kimiyya kuwa, Betta splendens, masanin kifaye ɗan Ingila Charles Tate Regan ne ya ba shi a 1910.

Idan za mu ƙirƙira masa suna, na ji wasu suna cewa "kifin dambe", amma ban gamsu ba, saboda dambe wasa ne na ƴan maza da suka amince su kara, da makaɗa da ƴan kallo, alhali faɗan wannan kifi na kare wurin zamansa ne. Na fi karkata ga "zakaran kifi". Namijin yana buɗe murafun kumatunsa, ya baje fikafikansa, launinsa ya ƙara kaifi idan ya hangi wani namiji, ko da hoton kansa ne a madubi, kamar yadda zakara ke tayar da gashin wuya. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, in ji Bahaushe, kuma gargaɗin mai sayarwar ke nan. Sai dai akwai inda kamancen ya tsaya: zakara ba ya kwanci, shi kuwa wannan namiji shi ne yake gina sheƙa ta kumfa a saman ruwa, ya tsince ƙwayayen da macen ta zuba da bakinsa ya jera su a ciki, ya kore ta, ya yi gadi har su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Maganar Hajiya kaka tana da daɗin ji, amma "kifin rijiya" ana faɗa wa mutumin da bai san duniya ba, wanda yake zaton bakin rijiyarsa shi ne iyakar sama. Kifin da ya fito daga shimfiɗaɗɗun gonakin shinkafa bai cancanci wannan zargi ba. Mu ne muka ƙuntata shi a kwalba. Abin da ya sa yake jure ta shi ne wata gaɓa da ke cikin kansa wadda take ba shi damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tarwaɗa ma tana da irin wannan baiwa, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin daron mai talla, gaiwa kuma ta fi su duka, tana kwance cikin busasshen taɓo har damina ta dawo, abin da ya sa ake cewa jikinta take ci.

Saboda haka a samar masa akwatin gilashi mai faɗi, kada a toshe bakin akwatin ruf, kuma a kula da shi a daren hunturu, tunda ruwan da ya saba da shi mai ɗumi ne, tsakanin digiri 24 zuwa 28.