Taliyar Girkawa mara nama, da abin da za a sha da ita in ba a shan giyar inabi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Likita ya ce wa maigidana ya rage cin nama, ina ta neman girkin da ba nama sai na ci karo da wata taliya wai irin ta ƙasar Girka, tumatir ne da zaitun da wani farin cuku. Amma a ƙarshe an rubuta wai a ci da giyar inabi, wani ma ya ce a zuba rabin kofi a cikin miyar. Mu kuma ba ma sha. In babu ita girkin zai yi daɗi kuwa? Kuma me take ƙarawa ne har suke ta nanata ta? Daga 'yar'uwarki a Zariya.

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa maigida lafiya. Zai yi daɗi sosai ma, kar ki damu, kuma kin yi dace da kika faɗa kan girkin Girkawa don su mutane ne da suka daɗe da iya girki ba nama. Yawancinsu Kiristoci ne 'yan Otodoks, suna da dogon azumi na wajen sati bakwai kafin Ista wanda ba a cin nama ba ƙwai ba madara, ga kuma Laraba da Juma'a ga masu kiyayewa, a ranakun da azumin ya tsananta ma har giyar da man zaitun ɗin ake ajiyewa. Wannan ne ya sa suke da rukunin abinci guda da suke kira ladera, wato kayan lambun da aka dafa da man zaitun da tumatir, kuma miyar taliyar nan daga wannan gidan ta fito.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu zuwa biyar. Taliya leda ɗaya mai giram 500, doguwa ko makaroni duk ɗaya, tumatir nunannu jajur guda bakwai, albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya huɗu, man zaitun cokali shida, ɗan guntun sandar kirfa, busasshen ganyen oregano, zaitun cikin tafin hannu a cire ƙwallon, sai cukun da ake kira feta kamar giram 150. In kina da alayyahu ki yanka ɗauri ɗaya, ba dole ba ne.

Tumatir ɗin kar ki kai shi inji kuma kar ki haɗa shi da tattasai da attaruhu yadda muka saba. Ki raba kowanne biyu ki goga a magogi, naman zai zube a kwano fatar ta rage miki a hannu ki yar, haka matan Girka suke yi. Ki zuba man a tukunya wuta kaɗan kaɗan, ki sa albasa ta yi laushi har ta fara sheƙi amma kar ta yi ja, sai tafarnuwa na minti ɗaya kawai don tana ƙonewa ta yi ɗaci shikenan ta ɓata miki komai. Ki juye tumatir, ki jefa kirfa, ki bar shi ba murfi minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Alamar ya yi ita ce za ki ga man ya rabu ya taru a gefen tukunya ya koma ruwan lemo, ki ja cokali a tsakiya hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe. A nan ne za ki zuba oreganon a tafin hannu ki murza da ɗaya hannun a saman tukunyar, ƙamshin da zai taso a wannan lokacin shi ne ƙamshin girkin Girkawa. In baki samu oregano ba tayim ɗin da muke sa wa dafa-duka zai tsaya, 'yan gida ɗaya ne, sai dai ki rage hannu.

Kirfa a miyar tumatir na san zai ba ki mamaki, mu a shayi muka san ta, amma su tsohuwar al'adarsu ce, tana kwantar da tsamin tumatir ba sai an sa sukari ba. Ki cire sandar kafin ki zuba abinci.

Taliyar kuma ki dafa a ruwa mai yawa da gishiri, ki sauke saura minti ɗaya ko biyu ta ƙarasa, ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye, kuma don Allah kar ki wanke ta da ruwan sanyi. Na san kusan duk gidajenmu haka ake yi don kar ta caɓe, amma wannan ɗan yauƙin da ke jikinta shi ke sa miyar ta kama ta, in kin wanke sai ki ga taliya gefe miya gefe mai na kwance a ƙasan faranti. Ki juye ta cikin miyar tare da zaitun da alayyahun, ki ɗan tsiyaya ruwan da kika ajiye kina juyawa har ta haɗe jikinta. Ki kashe wuta tukun sannan ki marmasa feta da hannu a sama, manya manya, ba a son ya narke ya ɓace, ana son a riƙa cin karo da shi.

Inda na fi ganin ana samun matsala shi ne gishiri. Feta a cikin ruwan gishiri ake tsuma shi aƙalla wata biyu, zaitun ma haka, to in kika sa dunƙule biyu uku kamar miyar yau da kullum sannan waɗannan suka shigo, abincin ba zai ciwu ba. Ni ban sa dunƙule ko ɗaya, gishiri ɗan taɓawa a miya, sai na ɗanɗana a ƙarshe. Kuma tunda maganar likita ce, in hawan jini ne ke damun maigida ki jiƙa fetan a ruwa zalla na rabin awa, ki ɗauraye zaitun, ki rage yawansu.

Feta na gaskiya da nonon tumaki ake yi, ana iya haɗawa da na akuya amma kar ya wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka kaɗai. A wajenmu sai manyan kantuna kuma da tsada. Abin da nake yi in babu, in samu cukun Fulani sabo mai laushi, wanda 'yan'uwanmu na Gana da Binin ke kira wagashi, in yanka in jiƙa a ruwan gishiri da lemon tsami ya kwana a firji. Ba zai zama feta ba, ba shi da wannan kaifin na nonon tumaki, amma yana riƙe gurbin. Busasshen cukun Nijar kuma in kin goga a sama yana yin aikin da wani busasshen cukunsu mai suna mizitra yake yi a kan taliya. Man zaitun dai shi ne ban yarda a canza ba, man gyaɗa zai ba ki taliya mai daɗi amma wata daban.

To yanzu maganar giyar. Abincin nan kin ga mai ne da gishiri da tsami, bayan loma uku huɗu man yana lulluɓe harshe sai ɗanɗanon ya fara dushewa, aikin abin shan shi ne ya wanke bakin don loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Shi ya sa a Girka in an kawo abinci mai feta da zaitun suka fi miƙa hannu ga farar giya mai tsami mara zaƙi, wadda ta fi suna ita ce Asirtiko ta tsibirin Santorini, inda ƙasar toka ce ta aman wuta, iska kuma ta yi ƙarfin da manoma ke naɗe kurangar inabin a ƙasa kamar kwando don 'ya'yan su fake a ciki. In tumatir ya yi yawa a miyar wasu kan koma ja mai suna Ksinomabro ta yankin Nawusa a arewacin ƙasar, sunan ma ma'anarsa baƙi mai tsami, tana da wannan ɗan bauri da ke kama baki. Kin ga ke nan abu biyu suke nema, tsami da bauri, kuma duk biyun muna da su a gida ba tare da abin maye ba.

Zobo shi ne na farko a wajena, yana da tsamin yana kuma da baurin. Amma ba zobon biki ba mai abarba da filebo da sukari kofi kofi, wannan zai danne abincin ne. Ki dafa shi tsararo, ɗan citta kaɗan, sukari cokali ɗaya a jug ko ma babu, ya yi sanyi sosai. Ranar da kika cika feta kika rage tumatir kuma, ruwan soda mai sanyi da lemon tsami da ganyen na'a-na'a biyu uku ya fi dacewa, shi ne ke tsayawa a gurbin farar. Ruwan tsamiya mara kauri ma yana yi. Lemon kwalba mai zaƙi da kunun aya ki bar su zuwa wani lokaci, zaƙi da kauri suna ƙara wa man nauyi ne a baki.

Rabin kofin giyar da aka ce ki zuba a miya kuwa ki bar shi gaba ɗaya, kuma kar wani ya ce miki ai wuta tana ƙone abin mayen duka, ba ta ƙonewa duka, ko an yi awa guda ana tafasawa akwai saura. Tsami kawai ake nema da shi, cokali ɗaya na ruwan lemon tsami bayan kin kashe wuta ya biya. Su kansu Girkawan suna da ruwan ɗanyen inabi da bai nuna ba mai suna agurida, ba a tsuma shi, da shi suke tsamama girki a wuraren da lemon ya yi wuya. Ki kuma riƙa duba bayan kwalbar zaitun, musamman baƙin nan mai sunan garin Kalamata na Girka, wasu a ruwan gishiri zalla suke wasu kuma da ruwan khal na inabi, in zuciyarki ba ta kwanta da na biyun ba ki ɗauki na farkon ko ki tambayi malaminku.

In yaran gida sun saba da yaji ki ajiye musu dakakken barkono a gefe kowa ya barbaɗa a farantinsa, kar ki sa a tukunya a karon farko.