Tambaya da Amsa: Maganar da jarumai ba su furta ba

TAMBAYA: Salam Malam, ina karanta adabi ne a jami'a, lakcaranmu ya dage wai in za mu yi sharhin labari mu duba har abin da jarumai ba su faɗa ba a hirarsu. To abin da ba a rubuta ba ta ina za a yi sharhinsa, ba ƙage za mu yi wa marubuci ba kenan?
Wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Lakcaranku yana da gaskiya, amma fargabarki ma a kan hanya take.

Ki ɗauki gajeren labarin nan na Hemingway ɗan Amurka, Hills Like White Elephants, na 1927. Namiji da mace ne zaune a tashar jirgin ƙasa a Sifen suna jiran jirgi, shi yana ta lallaɓa ta wai ɗan aikin likita ne mai sauƙi, ita kuma tana ta kauce wa zancen, har labarin ya ƙare ba wanda ya ambaci zubar da ciki, amma kusan duk masu sharhi a kan haka suka tsaya. Su biyun sun san zancen, shi ya sa ba sa buƙatar kiran sunansa.

A namu ma haka ne. Uwa ta ce "ina yaron nan?" ta ƙi kama sunan ɗan farinta, ke kin san alkunya ce, wanda bai san al'adar ba sai ya rubuta wai babu shaƙuwa tsakaninsu. Ya cike gurbin da tunanin garinsu.

Inda ya fi wuya shi ne shirun budurwa. Uba ya ce "na ba da ke ga wane", ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba, shi a wurinsa magana ta ƙare tunda ai shirun budurwa yarda ne, amma in marubuciya ta nuna miki yarinyar ta shige ɗaki ta ƙi taɓa tuwon dare, to uban da 'yarsa kowa da abin da ya ɗauka shirun ke nufi, kuma rikicin littafin gaba ɗaya daga nan zai taso.

Ƙagen yana shigowa ne in kin ce "tana nufin kaza" ba ki da layin da za ki nuna. Duk ma'anar da kika hango, ki nemo mata hujja a shafin, ko kalmar da aka zagaye, ko tambayar da aka yi aka amsa wata daban. Ba ki samu ba, ki cire ta tun kafin lakcara ya ja mata jan biro.