Tambaya da Amsa: Yadda Ake Tsamo Kalmomin da ke Tsakanin Baka Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja da Python, kuma a lokacin hutu ina taimaka wa kawuna da lissafi a shagonsa da ke babbar kasuwar Garwa. Abokan cinikinsa na Marwa da Kusiri da Njamena sukan aiko da odar kaya ta WhatsApp, sai na roƙe su su riƙa sa sunan kowane kaya a tsakanin baka mai kusurwa, kamar haka:

`Salam Alhaji, a loda mana [albasa] buhu 20 da [masara] buhu 5 da [ƙuli-ƙuli] kwali 3`

Burina in tsamo sunayen nan uku in zuba su a jeri guda. Na rubuta `re.findall(r"\[(.*)\]", saƙo)`, amma maimakon abubuwa uku sai ta ba ni abu ɗaya dogo, wanda ya fara daga albasa ya ƙare a ƙuli-ƙuli da duk abin da ke tsakani. Ina kuskuren yake?
*Wani ɗalibi, daga Garwa*

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya yi wa kasuwar kawunka albarka. Kwamfutar ba ta yi maka gardama ba, abin da ka umarce ta da shi ta aikata daidai, kuma laifin duka yana kan alamomi biyun nan da ka sa a tsakiya, wato aya da tauraro.

A irin wannan tsarin bincike, wanda masu sana'ar ke kira rejeks, aya tana nufin kowane harafi ko alama in ban da tsallakawa zuwa sabon layi, shi kuwa tauraro yana nufin a maimaita abin da ke gabansa iyakar yadda zai yiwu. Tauraron nan ya samo asali ne daga aikin Stephen Kleene, masanin lissafi ɗan Amurka, wanda ya bayyana irin waɗannan tsare-tsare a 1951, kafin Ken Thompson ya shigar da su cikin manhajar gyaran rubutu a ƙarshen shekarun 1960. Halin tauraron kuwa haɗama ce. Da ya tarar da bakan buɗewa na farko, sai ya kwashe saƙon gaba ɗaya har ƙarshe, domin bakan rufewa ma alama ce kamar kowace alama a wurin aya, sannan ya riƙa ja da baya harafi bayan harafi har ya ci karo da bakan rufewa. Wanda zai fara tararwa daga baya shi ne na ƙuli-ƙuli, to a nan ya tsaya, shi ya sa ka sami dogon abu ɗaya.

Gyaran da yawancin mutane za su fara ba ka shi ne ka ƙara alamar tambaya bayan tauraron, ya zama `\[(.*?)\]`. Wannan salo, wanda harshen Perl ya yaɗa tun fitowarsa ta biyar a 1994, yana sa tauraron ya ɗauki mafi ƙanƙantar abin da zai wadatar, ya tsaya a bakan rufewa na farko. Zai yi maka aiki a kan saƙon da ka aiko. Ni dai ba shi na fi so ba. Na fi son a gaya wa kwamfuta ƙarara abin da ba a yarda ya shiga tsakanin shingen biyu ba:

`kaya = re.findall(r"\[([^\[\]]*)\]", saƙo)`

Ma'anar tsakiyar ita ce: ɗauki kowane harafi muddin ba baka ba ne, na buɗewa ko na rufewa. Sandar da ta karkata baya a gaban kowane baka tana nuna cewa bakan kansa ake nufi, ba aikin da yake yi a cikin rejeks ba, ita kuwa `r` da ke gaban alamar zance tana hana Python taɓa waɗannan sanduna kafin su isa wurin bincike. Baka mai lanƙwasa da ya kewaye tsakiyar shi ke sa a dawo maka da abin da ke ciki kaɗai ba tare da shingen ba. Sakamakon zai zama `['albasa', 'masara', 'ƙuli-ƙuli']`, kuma ka tuna cewa ƙidayar jeri daga sifili take farawa, saboda haka albasa tana `kaya[0]`, ba `kaya[1]` ba.

Dalilin da ya sa na fifita wannan hanya zai bayyana ranar da wani abokin ciniki, yana tsaye a tashar mota yana danna waya da hannu ɗaya, ya manta bai rufe baka ba, ya rubuto `[albasa buhu 20 da [masara] buhu 5`. Mai alamar tambaya zai ba ka `albasa buhu 20 da [masara` a matsayin sunan kaya guda, ya shiga littafin lissafi a haka. Wanda na ba ka zai kawo masara tsaf, amma zai tsallake albasa shiru ba tare da ya ce uffan ba, kuma wannan ma haɗari ne, domin buhu ashirin ba abin wasa ba ne. Don haka kada ka tsaya a kan tsamowa kawai. Ka ƙirga bakunan buɗewa da `saƙo.count("[")`, ka ƙirga na rufewa, ka kwatanta su da tsawon jerin da ka samu. Idan ukun ba su zo ɗaya ba, manhajar ta ware wannan saƙo gefe ta nuna maka shi, kai kuma ka karanta da idonka ko ka kira mai odar.

Akwai tarko biyu da suka shafe mu musamman, mu da ke rubuta Hausa a ƙasar da Faransanci ya yi kaka-gida a ofis da makaranta. Na farko shi ne haruffa masu ƙugiya. Za ka ga misalai da yawa da ke amfani da `[a-z]+` don kama kalma, amma wannan bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba, domin suna can wani sashe dabam na Yunikod, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kamar yadda bai san é ta Faransanci ba. Da ka yi amfani da shi a tsakanin bakunan, da ƙuli-ƙuli ya ɓace daga jerin baki ɗaya. A Python 3, wadda ta fito a 2008, alamar `\w` tana gane waɗannan haruffa, har ma an yarda ka sa su a sunan ma'ajiyar bayani, kamar yadda ka rubuta `saƙo`. A JavaScript kuwa `\w` ba ta wuce haruffan Ingilishi da lambobi da layin ƙasa ba. Tsarin da na ba ka ya tsira daga wannan duka, tunda bai damu da irin harafin ba, shinge kawai yake kallo.

Na biyu shi ne yadda ake rubuta kuɗi. Ba da daɗewa ba za ka so ka haɗa da farashi, kuma a nan mutum yakan rubuta `25 000` da fili a tsakiya, bisa al'adar Faransanci. Idan ka nemi lamba da `\d+`, za ka sami 25 dabam da 000 dabam, sai sefa dubu ashirin da biyar ta koma ashirin da biyar. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, filin da Excel ko Word ke sakawa a irin wannan wuri sau da yawa ba fili ne na yau da kullum ba, wani ne da ba ya rabuwa a ƙarshen layi, wanda ido ba ya bambanta shi da na kullum. Ka share filayen da ke tsakanin lambobi tukuna kafin ka mai da rubutun lamba. `\s` ta Python 3, alamar da ke nufin fili, tana kama su duka.

Iyakar wannan dabara ita ce baka a cikin baka, kamar `[mai [na gyaɗa] jarka]`. Rejeks na asali ba ya riƙe ƙidayar zurfin da ya shiga, kuma `re`, sashen rejeks na Python, ba ta da hanyar yin haka. Idan odar ta fara zuwa a wannan siffa, sai ka bi saƙon harafi bayan harafi da ma'ajiyar ƙidaya: ka ƙara ɗaya a kowane bakan buɗewa, ka rage ɗaya a kowane na rufewa, duk lokacin da ƙidayar ta dawo sifili ka yanke abin da ka tara ka zuba a jeri. Layi goma ya isa. Amma ni a wurinka, da na roƙi abokan cinikin kawu su daina sa baka cikin baka, domin ya fi sauƙi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ofishinmu nakan fitar da jadawali daga Excel a matsayin fayil na CSV, wato rubutu zalla da ake raba bayanansa da waƙafi, in raba kowane layi da `split(",")`, amma layin ba ya rabuwa. Da na buɗe fayil ɗin sai na ga waƙafi mai ruwa (;) ne a tsakanin bayanan. Na canza zuwa gare shi, sai kuma wasu layukan suka rabu fiye da kima.
*Wata ma'aikaciya, daga Njamena*

Amsa: Barka kadai, Malama. Kwamfutarki an saita ta ne a kan Faransanci, inda waƙafi ke raba lamba da ɓangarenta, kamar 12,5, shi ya sa Excel ke amfani da waƙafi mai ruwa wajen raba ginshiƙai. Layukan da suka rabu fiye da kima kuwa, ki duba, za ki tarar akwai waƙafi mai ruwa a cikin bayanin kansa, wataƙila a adireshi, kuma Excel ya kewaye wannan bayani da alamar zance don ya nuna abu ɗaya ne. Haka ƙa'idar RFC 4180 ta 2005 ta tsara ga bayanin da ke ɗauke da alamar rabawa a cikinsa. Shi `split` bai san da wannan ƙa'ida ba, duk inda ya ga alamar yankawa yake yi.

Ki bar shi ki koma ga `csv.reader(fayil, delimiter=";")`, wanda ke zuwa tare da Python, zai ba ki kowane layi a matsayin jeri kuma zai mutunta alamar zance. Wajen adanawa a Excel ki zaɓi nau'in CSV UTF-8 domin haruffa masu ƙugiya su tsira, sannan ki buɗe fayil ɗin da `encoding="utf-8-sig"` da `newline=""`. Idan kika sa `utf-8` zalla, wata ɓoyayyiyar alama da Excel ke ajiyewa a farkon fayil za ta manne wa sunan ginshiƙi na farko, ki yi ta nemansa da sunansa manhaja tana ce miki babu shi.