Tukubar Zamani A Filin Haya: Amsa Ga Wani Mai Tsire Na Unguwar Zariya

Wani mai tsire da balangu daga unguwar Zariya, nan Maradi, ya aiko mini da tambaya. Shekara 6 ke nan yana gashi a kan rabin duro a bakin titi, yanzu ya ɗauki adashi, jika 400, wato sefa dubu 400, suna hannunsa. So yake ya gina tukuba ta zamani: wurin wuta, teburin yanka mai tayil, da ma'ajiyar yaji da wuƙaƙe, duk a haɗe, ga rumfar kwano a sama. Magini ya ce masa jika 350. Filin kuwa gaban shagon wani ne, haya yake biya wata-wata. Ya gina, ko ya dakata?

Malam, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Ka gina, amma ba da kuɗin nan duka ba, kuma ba yau ba.

In ka ba magini jika 350, saura 50 a aljihunka. Kai ka fi ni sanin abin da jika 50 ke saye a kasuwar dabbobi, balle in Layya ta matso. Daga nan sai karɓar nama bashi wurin mahauci, kuma wanda ya karɓi bashi ba ya zaɓe: abin da aka miƙo masa shi zai soka a tsinke, a farashin da aka yanka masa. Mai saye kuwa tayil ba ya ruɗinsa sau biyu, in ya ci jijiya yau gobe ya wuce gaba. Ka tuna 2023 da aka rufe iyakar Nijeriya, wutar lantarki ta yi ƙaranci, kasuwar garin nan ta yi sanyi. Kuɗin hannu ne suka riƙe mutane a lokacin. Ni dai a ganina, rabin adashin nan ya zauna a jarin nama, gawayi, mai da ƙuli-ƙuli, kada ka taɓa shi.

Maganar fili ta fi damuna. Siminti ba ya tashi ya bi ka. Na san wani mai gasa kaji da ya ƙawata wurinsa da gumin kansa, da jama'a suka fara cika sai mai fili ya ninka masa haya. Ya kasa biya, ya tashi ya bar ginin, ƙanen mai filin ya gaje wurin har da masu sayensa. Ranar da ya zo yana ba ni labari, raga kaɗai ce a bayan babur ɗinsa, ita ya iya cirowa. Don haka kafin a sauke bulo ko ɗaya, ku zauna da mai shago ku yi takarda gaban mai unguwa da shaidu biyu: shekara nawa za ka zauna, nawa ne haya a tsawon lokacin, kuma in ya tashe ka kafin wa'adi me zai mayar maka. Sannan ka taka zuwa ma'aikatar magajin gari ka tambaya ko wurin ya shiga hurumin titi. In ya shiga, takardar mai shago ba za ta tare maka komai ba ranar rusau.

Sai ginin kansa. Kada ka yarda wuta ta zauna kai tsaye a kan bulon siminti, zafi na tsattsaga shi, wani lokaci har ya riƙa fallatsa. Cikin murhun a yi shi da jan bulo ko da laka, kamar yadda iyayenmu ke yin tukuba tun da can. Laka na riƙe zafi, tana rage cin gawayi, in ta tsage kuma kai da yaronka kun gyara ta da safe ɗaya. Siminti da tayil su tsaya a gefen yanka, nesa da garwashi. Tsayin teburin ya kai ƙugunka, wajen santimita 90, don bayanka ne zai biya kuɗin duk wani kuskure a nan. A bar ƙofar iska a ƙasa inda za ka riƙa kwashe toka, kuma kada bakin murhu ya kalli gabas: iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadarin damina ma galibi ta gabas yake tasowa, sai su watsa maka toka a nama.

Inda nake so ka saki hannu shi ne wurin mai walda. Raga mai kauri ta baƙin ƙarfe ko wanda ba ya tsatsa, wadda ake ɗagawa a sauke. Ka guji ƙarfe mai farin shafi irin na kwanon rufi, hayaƙinsa in ya ji wuta yana cutarwa. Rumfar ma a ɗaure ta da noti maimakon a binne ta cikin kankare, ta yi tsawo yadda hayaƙi zai fice. Ka ga ke nan mafi tsadar kayanka masu ɗaukuwa ne a amalanke.

Ma'ajiya da ado su jira. Ka yi wata 3 kana rubuta cinikin kowane dare da buhun gawayin da ka ƙona. In littafin ya nuna ƙari, daga ribar za ka ƙarasa sauran.

In an gama gini, a yi mako guda ana shayar da simintin ruwa, a bar lakar ta bushe sarai, wutar farko kuma ka hura ta kaɗan-kaɗan. Sai ka aiko mini da hoton takardar da kuka sa wa hannu in duba maka ita kafin ka biya magini kuɗin somin aiki.