Amsar Anti kan taimaka wa ƙungiyoyin agaji lokacin annoba

Ga muryar da Anti ta turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda waɗanda basu samu sun saurara ba.

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena naga tambayarka tun da rana, ban amsa bane saboda maganar ba ta rubutu bace, yatsa zai gaji, shi yasa nace bari in yi murya kawai, wanda yaga ta yi tsawo ya yafe min. Kace wai idan annoba ta zo irin korona, me zaisa mutum ya ɗauki kuɗinsa ya miƙa wa wata ƙungiya tunda ana cewa a albashi da hayar ofis kuɗin ke ƙarewa, ba gara mu sayi kaya mu raba da hannunmu ba. Sannan kace baka ma gane wannan maganar a tsaya wa ƙungiyoyi ba, su da suke taimakon mutane wane taimako kuma suke nema.

To ni dai na yi shekaru ina riƙe da lissafin kuɗi a wata ƙaramar ƙungiya, kuma a kan kujerar nan korona ta same ni, don haka abin da na gani zan faɗa maka. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama annobar duniya baki ɗaya, ba a jima ba aka fara kulle ko'ina. Ka ga ɗan kasuwa idan masu saye suka ɗauke ƙafa, ko ba komai zai rufe ya rage kashe kuɗi. Mu kuwa akasin haka ne, wayar ofis bata daina ƙara ba, wanda aikinsa ya tsaya, mai ciwon da maganinsa ya ƙare, matar da aka kulle gida ɗaya da mai dukanta, kowa mu yake nema, a daidai lokacin kuma duk ƙofar da kuɗi ke shigowa ta rufe ruf. Taron neman tallafi babu, kamfanonin da suka saba bayarwa suna ta kansu, mai ba mu ɗan wani abu duk wata shi ma an sallame shi daga aiki.

Kuma kar ka ɗauka mu ƙanana kaɗai abin ya taɓa. Gudun fanfalaki na Landan ɗinnan, a 2019 ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam miliyan 66, na 2020 da aka sa ran 26 ga Afrilu ɗage shi aka yi, ka ga ƙungiyar da ta riga ta sa wannan kuɗin a kasafinta ina zata sa kanta. Oxfam guda, babbar ƙungiyar agajin nan ta duniya, da girmanta da sunanta, a watan Mayun 2020 ta sanar zata rage ma'aikata kusan 1,450 ta kuma janye ofisoshinta daga ƙasashe 18. Idan irin waɗannan sun girgiza to ina ga mai ma'aikata biyar da kwamfuta biyu.

Yanzu zancen albashi da haya da ya tsaya maka a rai, nan nake so ka saurare ni da kyau. Wallahi akwai lokacin da muke da kuɗi zaune a asusu amma ban isa in taɓa ko kwabo ba. Wasu masu tallafi ne suka ba mu don mu shirya taron horaswa, an rubuta komai dalla-dalla, kuɗin zaure kaza, kuɗin mota kaza, kuɗin buga takardu kaza. To an hana taro, wane zaure kuma? Ga ma'aikatanmu suna fita kullum suna saka ransu a haɗari babu albashi, mai ginin yana ta kira, ni kuma ina kallon kuɗin a allon kwamfuta kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga. Muka rubuta musu muna roƙon a bar mu mu karkatar da kuɗin, sai da aka kwashe makonni kafin amsa ta zo, kafin nan mutum biyu cikin waɗanda suka fi sanin aikin sun tafi, kuma ban ga laifinsu ba, suna da iyali. Wannan abin har yau yana min ciwo. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya ƙanena, kayan da kake son a raba ɗin wa zai ɗauko, wa zai loda, wa ya san gidan da tsohuwar da bata iya fitowa take, wa zai riƙe rasit don gobe in ka tambaya a nuna maka? Mutum ne, kuma mutumin nan sai an biya shi.

Manyan masu bayarwa ma sun gano haka a lokacin. A Amurka ɗaruruwan gidauniyoyi suka sa hannu kan alkawarin zasu sassauta sharuɗɗan tallafinsu, su bar ƙungiya ta kashe inda taga ya fi ƙuna, su kuma rage yawan rahoton da suke nema. Gidauniyar Ford har bashi ta ciyo, dala biliyan 1 ta hanyar sayar da takardun lamuni a watan Yunin 2020, don ta ƙara abin da take bayarwa. MacKenzie Scott kuwa, wata attajira ta Amurka, a Disambar shekarar ta sanar ta raba sama da dala biliyan 4 ga ƙungiyoyi 384, ba tare da ta ɗaure musu hannu kan yadda zasu kashe ba. Ni ba yawan kuɗin ne ya burge ni ba, mu ina muka ga biliyan, sakin hannun ne. Ko ɗan kaɗan zaka bayar kace ku yi abin da ya fi dacewa da shi, ya fi mai yawa da aka ɗaure da igiya goma.

Ban ce babu ɓarayi ba fa, akwai su, kuma lokacin annoba suke fitowa kamar ɗango bayan ruwa, yau a buɗe shafi a Facebook gobe a sa lambar asusu. Maganinsu tambaya ce. Kuna da rajista? Ina rahoton bara? Wa ya duba muku lissafi? Me kuke yi kafin annoba ta zo? Mai gaskiya daɗi ma zai ji ka tambaya, mara gaskiya sai ya fara kame-kame ko ya hau fushi.

Maganar mu raba da kanmu kuma, ba laifi bane ka taimaki wanda ka sani kusa da kai, kayi. Amma ka tuna cuta ce mai yaɗuwa, ka tara mutane suna turereniya a kan kaya ka raba musu abin da yafi kayan. Kuma masu ƙarfin ture wasu ne zasu samu, mai ciki da makaho da tsoho suna gida. Sannan wani abu da na lura, kuɗi inda kyamara take yake bi. Kun tuna dattijon nan na Ingila Kyaftin Tom Moore, mai shekara 99 da ya riƙa zagaya lambun gidansa, ya tara sama da fam miliyan 32 don ƙungiyoyin da ke tallafa wa asibitocin ƙasar, abu mai kyau ƙwarai. Amma a wannan lokacin ne aka dakatar da zagayen rigakafin shan inna a ƙasashe da dama, na ƙyanda ma haka, masu tarin fuka da masu ƙanjamau suna wahalar karɓo magani, har Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Antonio Guterres sai da ya fito a watan Afrilu yana kokawa kan yadda dukan mata ya ƙaru a gidaje. Masu irin wannan aikin babu mai ɗaukarsu a bidiyo, su ne asusunsu ya fara bushewa.

Sai ɗaya tambayar taka, mene ne tsaya musu. Ka san gwamnati idan ta zauna rubuta tsarin ceto, kamfanoni take fara tunawa, ƙungiyoyin agaji sai an yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Dubi Ingila, gwamnati tace zata biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka tura gida, amma da sharaɗin kar ya taɓa aikin wurin da ya ɗauke shi. Wannan ya yi wa mai otal daidai tunda ba baƙi, amma ƙungiyar da aiki ya ninka mata fa, ta tura mutanenta gida su zauna? Ƙungiyoyin can suka haɗa kai suka ce zasu yi asarar wajen fam biliyan 4 cikin mako 12, suka yi ta magana a jaridu da majalisa, ran 8 ga Afrilu ministan kuɗi na lokacin Rishi Sunak ya ware musu fam miliyan 750. Bai kai ko kusa ba, amma da sun yi shiru ai sai dai su ji a salansa. A Amurka dokar ceton da aka sa wa hannu ran 27 ga Maris ta bar ƙananan ƙungiyoyin agaji su ma su karɓi bashin biyan albashi wanda ake iya yafewa, kamar yadda aka ba ƙananan kamfanoni.

Wani abin ma ko sisi baya ci, takardar izinin fita ce kawai. Mu an sha mayar da ma'aikacinmu daga hanya da magani a hannunsa saboda sunanmu baya cikin jerin masu aikin dole. Da a ce mutane irinku sun rubuta wa wakilansu, sun kira gidan rediyo, sun sa hannu a takardar koke, da an saka mu tun makon farko. Idan mu muka faɗa sai ace cikinmu muke yi wa yaƙi, idan kai da baka cin komai a wurin ka faɗa shi ake ji.

Don haka in kun yarda, kuɗin da muke tarawa a guruf ɗinnan mu zaɓi ƙungiya ɗaya ko biyu tun yanzu da ake zaune lafiya, mu riƙa basu kaɗan kaɗan duk wata. Ƙanena tunda kai ne mai shakka kai zan ɗora wa aikin, ka nemo uku, ka yi musu tambayoyin nan huɗu ka kawo mana amsa kafin ƙarshen mako. Cajina ya kusa mutuwa, sai da safenku.