Tambaya da Amsa: Wa Ke da Alhakin Goge Kalaman Ɓatanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne nake kula da shafin ƙungiyar ci gaban garinmu a Facebook. Duk lokacin da muka saka labari, musamman na siyasa, sai wasu su biyo baya da zage-zage da jita-jita, kuma idan na kai ƙara ga kamfanin sai a ce kalaman ba su saɓa ƙa'ida ba. Shin in riƙa gogewa da kaina, ko kuwa hakan tauye haƙƙin mutane ne?

Daga wani mai karatu a Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka riƙa gogewa, domin nauyin yana wuyanka kafin ya kai ga kamfanin. Yawancin tacewar da kamfanin yake yi ta dogara ne da manhajar kwamfuta, wadda kan iya kama ashar ƙarara amma ba ta gane habaici da gugar zana. Idan wani ya rubuta "mun san gidan da ka fito", babu kalmar zagi ko ɗaya a ciki, alhali duk ɗan garin ya san gorin asali aka yi. Ga kuma salon rubutun matasanmu, masu sa q a madadin ƙ da x a madadin z, wanda yake ƙara ɓatar da manhajar.

Kada ka raina jita-jita, don ta fi zagi haɗari. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin jihar Filato, an yaɗa hotunan da ba na wurin ba a Facebook, kuma 'yan sanda sun shaida wa BBC cewa hakan ya rura wutar ramuwar gayya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci a kan yaɗa ƙarya da gangan domin tayar da zaune tsaye, saboda haka ka ɗauki hoton duk wata barazana ka adana kafin ka goge ta.

Shafinka yana da damar ɓoye magana, ta yadda marubucinta da abokansa ne kawai za su gan ta, da damar toshe mai maimaita laifi, da wurin jera kalmomin da ba ka so su bayyana.

Inda nake jan hankalinka sosai shi ne bambance suka da cin mutunci. Wanda ya tambayi inda kuɗin gyaran rijiya suka shiga bai yi laifi ba, ko da shugaban ƙungiya bai ji daɗi ba, kuma goge tambayarsa cin amana ne. Ku rubuta ƙa'idojinku a saman shafin, ku yi aiki da su a kan kowa, har da 'yan kwamitinku.